Yadda ake gano dalilin ɓarewar fenti da danshi a silin kicin kafin a kira mai fenti

Duk shekara idan damina ta kankama, wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta, tambaya ɗaya ce take yawan zuwa min: wane fenti zan saya wanda ba ya ɓarewa, silin kicin ɗina ya sake lalacewa. Kuma kusan duk mai tambayar ya riga ya yi fentin nan sau biyu ko uku, ya canja kamfani, ya canja mai fenti, wani ma har sun ɓata da yaron da ya yi masa aikin. Abin yana damuna gaskiya sabida kuɗi ne ake ta zubarwa a banza, kuma yawanci ba laifin fentin ba ne. Fenti ai 'yar fata ce siririya da aka shafa a kan filasta, in abin da ke ƙarƙashinsa ya jiƙe, ko ya yi maiƙo, ko ya zama gari, to dole ya saki komai tsadarsa. Dan haka ka ajiye maganar bokitin fenti tukunna, mu fara neman inda ruwan yake fitowa.

Ruwan da ke cin silin kicin ko dai daga rufi yake sauka, ko daga fayif da banɗakin sama, ko kuma daga tukunyar da ke kan wuta yake tashi. Akwai kuma wanda babu ruwa a ciki sam, tun ranar da aka yi fentin aka yi shi ba daidai ba. Kowanne da irin alamarsa, kuma za ka iya rarrabe su da kanka da tocila, fensir, leda da salatif, sai tsani mai ƙwari da wanda zai riƙe maka shi.

Kafin ka taɓa komai, kashe wuta

Ba makunnin ƙwan kicin kawai ba, ka je ka sauke layin daga akwatin wutar gidan, in kuna da inbata ko sola ko janareta ka tabbata su ma ba sa ba wa layin wuta. Wayoyin ƙwai da na fanka a cikin silin suke bi, kuma ruwa yana son bin waya ya gangaro ya taru a mazaunin ƙwai. In ka ga ƙwan kicin yana yawan ƙonewa ko ruwa ya taru a cikin murfinsa, wannan ba abin jira ba ne.

Sannan ka tsaya daga bakin ƙofa ka kalli silin ɗin ta gefe. In ya yi ciki, wato ya lotso ƙasa kamar an ɗora masa kaya, a fitar da yara, a janye gas da tukwane daga wajen. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jiƙaƙƙen silin ba ya sallama kafin ya faɗo. Ka ajiye bokiti, ka tsaya a gefe ba a ƙarƙashi ba, in ba silin asbestos ba ne ka huda inda ya fi lotsowa da sukudireba ruwan ya tsiyaye. 'Yar hudar nan ana cike ta cikin minti biyar daga baya, gara ita da silin ya rufto kan mai girki.

Ka san irin silin da kake da shi

Ƙwanƙwasa da bayan sukudireba. In ka ji shi tauri kamar dutse, dekin ne, wato kankare da rodi a ciki aka yi masa shafen siminti. In ka ji yana amsa kuwwa kamar ganga, fiyofi ne, wanda ake rubutawa POP, ko kuma allon jifsam da aka ɗaure a jikin katako ko ƙarfe, akwai fili tsakaninsa da kwano. Sanin wannan yana da amfani dan fiyofi yana shan ruwa kamar soso, in ya daɗe a jiƙe yana laushi yana marmashewa, shi kuwa dekin ba ya laushi amma rodin cikinsa yana tsatsa, kuma wannan ya fi haɗari.

In kuma tsohon gida ne mai silin asbestos, irin alluna masu murabba'i da aka bi gaɓarsu da siririn katako, to kar ka kankare shi a bushe, kar ka goga masa samfefa, kar ka huda. Ƙurarsa tana illata huhu kuma illar sai bayan shekaru take bayyana. Dubawa da ido kawai za ka yi.

Yanzu karanta tabon

Nan ne na fi so ka ɓata lokaci, dan rabin amsar a nan take. Ka bari sai dare ko ka rufe tagogi, ka hau tsani ka kwantar da tocila a jikin silin ɗin yadda haskenta zai bi shi ta gefe. Duk wani kumburi da tsagewa da ba ka gani da rana zai fito fili.

Tabo mai ruwan shayi ko ruwan ƙasa, wanda gefensa ya fi tsakiyarsa duhu kamar an zana taswira, wannan ruwa ne ya sauko daga sama, ya ɗebo dattin katako da ƙura da tsatsa ya shanya su a fuskar silin. In ka ga zobe cikin zobe, biyu ko uku, kowane zobe jiƙewa ɗaya ce da bushewa ɗaya, kenan abin ya daɗe yana maimaituwa, ba ruwan jiya ba ne.

Bororo, wato fenti ya kumbura kamar ƙunar ruwan zafi. Fasa ɗaya da bakin wuƙa ka gani. In ruwa ya fito ko ka tarar da filastar a jiƙe tana da sanyi, daga baya ruwan ya turo. In ka fasa ka tarar da wani tsohon fenti a ƙasa, a bushe, sumul, yana sheƙi, to shafi na sama ne bai kama na ƙasa ba, matsalar shiri ce ko tururi.

Ka riƙa juya ɓawon fentin da ka ɓare kana kallon bayansa, mutane ba sa yin wannan kuma yana faɗin gaskiya sosai. In bayansa ya kwaso farin gari ko yashi, filastar ce ta mutu ko kuma sikiridin ɗin da aka yi, wato siririn shafen da ake yi kafin fenti dan wuri ya yi sumul, ba shi da ƙarfi. In bayansa rawaya ne yana danƙo a yatsa, maiƙon girki ne aka yi fenti a kansa ba a wanke ba. In baƙi ne, kunkunniya ce, hayaƙin risho ko gawayi ko itace da ya daɗe yana taruwa.

Farin abu kamar gishiri ko kanwa da yake tsirowa a jikin shafen siminti yana tura fenti waje, in ka murza ya zama gari, wannan ruwa ne yake ratsa kankare yana narkar da gishirin cikinsa, in ya iso fuska ruwan ya bushe gishirin ya zauna. Duk inda ka ga wannan a dekin to ruwa ya ratsa wurin, ko yana kan ratsawa.

Ɗige-ɗigen baƙi ko kore, kamar an watsa barkono, musamman a kusurwa da saman kabad da inda iska ba ta kaiwa, fumfuna ce. Ita ta fi nuna tururi da rashin iska, ko da yake yoyon da ya daɗe ma yana kawo ta.

Jan layi miƙaƙƙe ko jan ɗigo a jere a jikin dekin, tsatsar rodi ce. A fiyofi kuwa jan ɗigo yawanci ƙusa ce ko wayar ɗauri ta yi tsatsa.

Ka lura kuma da wurin da abin yake. Ɓarewar da ta tsaya daidai saman murhu ta bazu a hankali ba ta da iyaka takamaimai, tururi ne. Wadda ta bi bango ta kusurwa, ka zargi gota ko katangar da ta zagaye rufi. Wadda ta yi layi miƙaƙƙe ta ratsa ɗaki, fayif ne ko gaɓar allo ko tsagewar dekin. Abu ɗaya da zan ƙara, ba kowane tabo ne ruwa ba, gidan da jemagu ko ɓeraye suka tare a silin fitsarinsu yana yin tabo irin wannan, amma shi warinsa zai gaya maka.

Tambayi mai kicin ɗin

Maigida da ke shiga kicin sau ɗaya a mako ba shi ne zai san tarihin tabon nan ba. Uwargida ta sani, 'yan matan gidan sun sani. Ka zauna ka tambaya: yaushe kika fara ganinsa, da damina ne ko da rani? Yana ƙaruwa bayan an yi ruwa, ko sai ruwan da ya zo da iska daga gabas? Yana ɗiga lokacin da ake wanka a sama, ko lokacin da aka tura ruwa tanki ya cika? In ana dafa wake ko ganda ko ana turara shinkafar dambu, silin yana yin gumi?

Amsar nan tana rage maka aiki ƙwarai. Tabon da ke tashi da damina ya bushe da hunturu na rufi ne. Wanda yake a jiƙe a watan Maris da Afrilu, lokacin da da wuya a ga ruwan sama a Kano ko Sakkwato ko Zinder, wannan ba ruwan rufi da shi, fayif ne ko tanki ko na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya fi tsanani da sanyin safiya a Disamba da Janairu, lokacin da ake rufe ƙofa da taga ruf ana girki, tururi ne yake haɗuwa da silin mai sanyi.

Daga nan ka ɗauki fensir ka zagaye iyakar tabon, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka ɗauki hoto da waya. Bayan ruwan sama na gaba ka duba, bayan kwana uku da ba a yi ruwa ba ka sake dubawa. In ya tsallake layin fensir yoyon yana nan da ransa. In mako biyu ya wuce, an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu uku bai motsa ba, wataƙila tsohon tabo ne na yoyon da aka riga aka toshe.

Gwajin leda

Wannan gwajin ba ya cin ko sisi kuma shi ne yake raba gardama tsakanin ruwan da ke saukowa daga saman silin da tururin da ke tashi daga ƙasa. Ka yanko farar leda mai kauri wadda ake gani ta cikinta, kamar tsawon kamu biyu kowane gefe. Goge wurin da tsumma ya bushe, ka manna ledar a kan wurin da ake zargi, ka bi gefe huɗun da salatif mai faɗi yadda iska ba za ta shiga ba ko kaɗan. Ka manna wata a wurin da yake lafiya dan ka samu abin kwatantawa. A ci gaba da girki yadda aka saba, a bar ta kwana ɗaya zuwa biyu.

In ka dawo ka ga gumi ta ciki, tsakanin leda da silin, ko wurin ya yi duhu, ruwan daga cikin silin yake fitowa, sai a hau sama. In gumin a bayan ledar yake ta ɓangaren ɗaki, ciki kuma a bushe, tururin kicin ne. In duka biyun ne to matsala biyu gare ka, kuma hakan yana faruwa sosai. In kana da halin aron 'yar na'urar auna danshi mai allura biyu, ka soka a wuri mai lafiya ka ga lambar, ka soka a tabon ka kwatanta, ka bi inda lambar take hawa, za ta kai ka kusa da bakin yoyon. Amma ko babu ita leda ta wadatar.

In daga sama ne, a hau

Da farko cikin silin, in akwai ƙofar shiga. Da sassafe ake shiga kafin kwano ya ɗau zafi, kuma a kan katako kawai ake taka ƙafa, fiyofi ba ya ɗaukar mutum. In ba ka saba ba ka sa kafinta ya shiga kai ka ba shi waya ya ɗauko maka hoto. A kashe tocila a ɗaga kai, duk inda haske ya ɓullo ta jikin kwano huda ce. A kunna a bi katakai ana neman baƙin layi ko farin sawu inda ruwa ya saba bi. Ka riƙe wannan da kyau: inda tabo yake ba lallai nan ne hudar take ba. Ruwa yana shiga ta can sama kusa da tsororuwar rufi, ya bi jikin katako ya yi tafiyar taku biyar ko goma kafin ya ɗiga. Kullum ka bi sawun zuwa sama. Kana ciki ka soka sukudireba a katakon da ya yi baƙi, in ya shige da sauƙi ya ruɓe, ka duba gara ma dan tana son jiƙaƙƙen katako.

A waje kuma wuraren da na fi samun matsala su ne ƙusar da ta ɗago ko robar kanta ta ƙone da rana, gaɓar kwano da ba a haɗa ta da zurfi ba, kwarin da rufi biyu suka haɗu, da inda kwano ya shiga jikin bango. Sai kuma babbar matsalar gidajen yanzu, ɓoyayyen rufi, wanda ake zagaye kwano da katanga a yi gotar kankare ta ciki. Yana da kyau a ido amma wallahi yana son kulawa. Wata shida ko bakwai na rani ƙurar hunturu tana zuba a gotar nan, ga ganyen darbejiya, ga leda da iska ta kwaso, ga sheƙar tattabaru, ruwan farko yana sauka duk su dunƙule su toshe bakin indararo. Ruwa ya taru ya cika gota ya koma ta ƙarƙashin kwano ya zubo cikin silin, kuma kicin sau da yawa a bayan gida yake inda aka karkatar da ruwan. Na sha zuwa gidan da ake shirin sauke kwano gaba ɗaya, ashe buhu guda na datti ne kawai a gota. Ka share, ka zuba bokitin ruwa ka ga ko yana gudu ko yana kwanciya, ka duba tsagewa a ƙasan gotar da saman katangar.

In dekin ne a buɗe babu kwano a kansa, ka hau bayan an ɗauke ruwa da awa ɗaya ka ga inda ruwa ya kwanta. Duba shimfiɗar kwalta ko ta tsage ko ta ɗago a gefe, duba gindin tanki, duba inda fayif ya huda dekin.

In ido bai gano ba sai a yi gwajin tiyo ranar da babu hadari. Mutum ɗaya a sama da tiyo, ɗaya a ciki yana kallo. A fara daga ƙasan rufi, a jiƙa wuri ɗaya kamar minti goma, in shiru a matsa sama kaɗan. Kar a fara daga sama dan ruwan zai jiƙa ko'ina ka rasa ta ina ya shiga. A dekin kuma sai an yi haƙuri, ruwa yana iya ɗaukar awanni kafin ya ratso.

In bene ne ko akwai fayif a wurin

Ka hau sama ka tsaya daidai saitin tabon ka ga mene ne a wurin. Yawancin magina suna ɗora banɗaki a saman kicin dan layin ruwa ya zama ɗaya, dan haka kar ka yi mamaki. A rarrabe tsakanin fayif mai kawo ruwa da mai fitar da shi. Mai kawowa kullum a cike yake, yoyonsa ba ya tsayawa dare da rana. Ka cika tanki da yamma, ka sa alama a matakin ruwan, a rufe duk famfunan gidan kar wanda ya taɓa har safe. In ya sauka, akwai inda yake zuba, amma ka fara tabbatar ba tankin masai ne yake tsiyaya cikin kwanonsa ba.

Mai fitarwa kuma sai an yi amfani da shi yake yoyo. A daina shiga banɗakin nan kwana uku a ga ko tabon zai fara bushewa. Sannan a gwada ɗaya bayan ɗaya, yau masai kaɗai, gobe wajen wanke hannu, jibi a toshe magudanar ƙasa a tara ruwa kaɗan a kan tayil na wasu awanni. In ka zuba shuɗin wanki a ruwan gwajin, launin da ya ɓullo a ƙasa zai nuna maka mai laifin. Sau da yawa ma ba fayif ne ya fashe ba, gaɓar tayil ce ta zube ko gefen magudanar ƙasa ba a toshe shi da kyau ba, ruwan wanka yana bi ta nan kullum. Kar ka manta da siririn tiyon da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki da na hita, in sun bi ta cikin silin.

In tururi ne

Mutane suna raina wannan. Ba tukunya kaɗai ke fitar da ruwa ba, shi kansa gas in ya ƙone ruwa yake bayarwa, kowane kilo ɗaya yana sakin kusan lita ɗaya da rabi a iska. Kenan tukunyar gas mai kilo 12.5 kafin ta ƙare ta zuba wajen lita 19 zuwa 20 a cikin kicin, ban da tururin tuwo da miya da ruwan wanka da ake dafawa. Kananzir ma haka yake, ga hayaƙi a kai. In kicin ɗin taga ɗaya gare shi ƙarama, ita ma an rufe ta sabida ƙura ko ƙuda, ina ruwan nan zai je in ba silin ba?

Ka gwada da kanka. A ɗora babbar tukunya tana tafasa rabin awa a yadda aka saba girki, ka hau ka shafa silin da bayan hannu, ka kalli gilashin taga da tayil ɗin bango. In suna gumi to iska ba ta fita. In akwai fankar zuƙe hayaƙi, kunna ta ka kara takarda a bakinta, in ba ta riƙe takardar ba maiƙo ya toshe ta ko ta gaji. Ka kuma bi ka ga ina take kai iskar. Na taɓa ganin inda aka sa mazuƙin hayaƙi mai tsada a saman murhu amma bututunsa a cikin silin ya ƙare bai fita waje ba, duk tururin yana taruwa a bayan fiyofi, da dare ya zama raɓa a jikin kwano ya ɗigo. Mai gidan ya yi shekara biyu yana canja ƙusoshin rufi.

In ko'ina a bushe yake, to fentin za a tuhuma

Gwaji biyu ne. Ka jiƙa auduga da sifirit ka goga a wuri ɗaya. In launi ya biyo audugar fentin ruwa ne, in bai biyo ba fentin mai ne. Ka gwada na sama ka gwada na ƙarƙashinsa. Fentin ruwa a kan fentin mai mai sheƙi, ba a goge da samfefa ba, ba a sa faraima ba, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, zai riƙa saluɓewa kamar fatar albasa. Na biyu, ka ɗauki reza ka tsaga layi biyar a tsaye biyar a kwance su yi ƙananan gidaje, ka manna salatif ka danna sosai ka fizge. In gidajen sun biyo salatif fentin bai kama ba, kuma ka gwada har a wuraren da suke kamar lafiya dan ka san iya inda za a kankare.

Sai ka tuna yadda aka yi aikin tun farko. Shafen siminti yana son kamar kwana 28 kafin a rufe shi da fenti, fiyofi ma sai ya bushe har ciki ya yi fari fat ba ya sanyi a hannu. Amma mu da gaggawar tarewa, ko biki ya matso ana so a kai amarya, sai a gama shafe yau jibi a yi fenti. Ruwan da aka kulle a ciki dole ya nemi hanya. Haka in an tsinka fenti da ruwa fiye da kima dan bokiti ɗaya ya isa, ko an yi sikiridin da siminti da ragowar fenti mai arha, ko an shafa a kan tsohuwar farar ƙasa. Shafa tafin hannunka a wurin da ka kankare, in ya fito fari kamar ka taɓa alli to babu fentin da zai zauna a kai sai an magance garin nan.

Auna zurfin ɓarnar

Danna fiyofin da babban yatsa ko bakin sukudireba. In yana da tauri, tabo ne kawai, za a iya ceto shi. In ya lotsa ko yana marmashewa ko zaren cikinsa ya fito, a yanke wurin har a kai inda yake da ƙwari a sake zuba sabo, jiƙaƙƙen fiyofin da ya mutu ba ya dawowa ko ya bushe. A dekin ka bi da ƙwanƙwasa, inda ya yi ƙarar fanko shafen ya rabu da kankare, a sauke shi kafin ya sauko da kansa. In ka sauke ka ga rodi a fili ya yi tsatsa yana ɓarɓashi, ko kankaren ya tsage ya biyo layin rodi, dan Allah ka tsaya nan. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yana fasa kankare daga ciki, wannan aikin injiniyan gini ne ya zo ya gani, ba na mai fenti ba, kuma ba a rufe shi da shafe a ce an gyara.

Jerin gyara bayan an gano

A toshe hanyar ruwan tukunna, a jira a ga ruwan sama biyu ko uku sun wuce layin fensir bai motsa ba. A bar wurin ya bushe, taga a buɗe, fanka tana kaɗawa, fiyofi yana iya ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu, dekin ya fi haka nesa. In da hali a bari sai Nuwamba iskar hunturu ta busar da shi kyauta. Kafin a ci gaba a maimaita gwajin leda, in ciki ya fito a bushe to an shirya.

A kankare duk abin da ya saki har inda salatif ya daina ɗagowa. A sa takunkumi da tabarau, a kwashe abinci da kwanuka, a shimfiɗa leda a ƙasa. In tsohon fentin mai ne a riƙa fesa masa ruwa ana kankarewa kar a goge shi a bushe, dan irinsa yana iya ƙunsar dalma, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da can daga dutsen zinare ta fito, bai kamata mu yi wasa da ƙurarta a inda ake dafa abinci ba. Yara da mai juna biyu su yi nisa har a share a goge da jiƙaƙƙen tsumma.

A wanke maiƙo da ruwan ɗumi da omo, a ɗauraye, a fiyofi da matsattsen soso kar a sake jiƙa shi. Fumfuna kuma kofi ɗaya na bilic irin su Hypo ko Jik a ruwa lita huɗu, a shafa a bar shi minti goma a goge, taga a buɗe, kuma kar a kuskura a haɗa shi da ruwan wanke masai, haɗin yana tayar da iska mai guba.

In ya bushe a cike ramuka a goge su yi daidai. Tabon ruwan shayin nan in ka shafa masa fentin ruwa kai tsaye zai sake ɓullowa ko shafi biyar ka yi, sai an fara rufe shi da faraima mai toshe tabo ko andakot na mai, wato fentin ƙarƙashi. Sabon shafen siminti a sa masa faraimar da aka yi dan siminti, wuri mai gari a sa masa sila mai ɗaure gari. Sannan shafi biyu na fentin da ake iya gogewa, irin satin ko wanda aka rubuta na kicin da banɗaki ne, a bar tazarar da aka rubuta a jikin bokitin tsakanin shafi da shafi, a kuma ɗaga wa kicin ɗin ƙafa daga girki mai tururi na kwana biyu uku. In tururi ne ya jawo matsalar tun farko, a sa fankar da bututunta ya fita waje ko a buɗe 'yar taga can sama kusa da silin kafin ma a buɗe bokitin fentin, sannan a sa ranar share gota a watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan farko ya sauka.